Ƙuri'ar da Aka Soke

Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, tare da fatan Allah Ya sanyaya makwancinka, Ya sa kana cikin waɗanda aka yi wa sauƙi. Na sani sarai takardar nan ba za ta same ka ba, ban zautu ba tukuna. Ko da kana raye ma yaushe ka taɓa karanta dogon saƙona? Sai ka duba layin farko ka turo mini hoton babban yatsa, ka bar ni ina ta masifa ni kaɗai. To yau dai ba ka da halin katse ni, dole ka bari in kai aya.

Ina rubutun nan ne a ɗakin ajiye ƙwallaye na kwalejin da nake koci, wanda ke bayan fili, bayan na idar da Azahar. Nan ne kaɗai ba a nemana. Waje kuwa ka san yadda Doha take a watan nan, ba mai iya tsayawa a rana ya gama gaisuwa. A aljihun rigata akwai wata takarda, an buga ta da Larabci da Turanci, an bar mini wurin sa hannu a ƙasa. Gobe Alhamis kafin sha biyun rana ake so in miƙa ta. In na sa hannu, za a karɓe kofin gwarzon ɗan wasa na gasar kwalejoji daga hannun Haisam, yaron nan ɗan Sudan, a rubuta sunanka a jiki. In ban sa ba, an rufe maganar ke nan. Yau kwana tara ina yawo da ita, har ta fara yagewa a wurin ninki.

Bari in fara ba ka labarin gida kafin in shiga wannan. Ƙanwarka Fadila ta ci jarrabawarta, kuma ita da ba ta san bambancin bugun kwana da fenareti ba yanzu ta koma kallon ƙwallo, har tana yi mini gardama. Kakarka Hajiya a Zariya duk ranar da ta kira sai ta tambaya ko ana kai wa maigidanta ziyara, kai ke nan, in ce ana zuwa duk Juma'a. Maƙwabtanmu da kake taya ɗaukar ruwa sun tashi, wasu sun tare. Shekaranjiya sabon maigidan ya tare ni a matakala yana tambaya ko yarinyar nan ce kaɗai Allah Ya ba ni. Na ce masa e, don ban da ƙarfin yin bayani a tsaye.

An sabunta mini kwangila ta shekara guda. Ban sani ba ko murna zan yi. Mun zo ƙasar nan da niyyar shekara uku, ga shi mun yi sha huɗu, kuma saura kaɗan shekaruna su kai inda za a ce mini an gode. Da can kullum lissafin komawa gida nake yi. Yanzu in mun koma, wa zai riƙa zuwa wurinka? In kuma mun ce za mu zauna, da izinin wa? Mutum ya binne ɗansa a ƙasar da shi kansa sai da takarda yake kwana a cikinta.

Ummanku kuma ta sauya. Ka san tun da aka haife ka ba ta taɓa kama sunanka ba, ga ka ɗan fari, ga ka da sunan mahaifina. Ko a asibiti in an tambaye ta sai ta miƙa kati. To yanzu faɗarsa take yi. A kicin, a kan sallaya, a waya da 'yan'uwanta, cikakken sunan, ba kunya ba kara. Ranar da na fara ji sai da na ajiye cokali. Ni kuwa har yau bakina bai iya ba, ga shi ko a takardar nan Abba na rubuta.

Wannan sunan shi ya kawo mu inda muke. Ka san yadda ake zaɓen, amma bari in jero maka shi don ka ga inda na tsaya. Kociyoyi goma sha biyu ne, kowa da kwalejinsa. Kowa zai rubuta sunan ɗan wasa ɗaya, ban da na ƙungiyarsa, ya sa hannu, ya jefa a akwati. Ba wanda ya taɓa tunanin yin doka a kan koci da ɗansa ke wasa a wata kwalejin, don ba a taɓa yi ba sai a kanmu. Da aka ƙirga, Haisam ya fi ka da ƙuri'a ɗaya, an kuma soke ƙuri'a ɗaya saboda sunan da ke jiki ba ya cikin rajista. Tawa ce. Da an ƙirga ta da kun yi kunnen doki, doka kuma ta ce in an yi kunnen doki wanda ya fi zura ƙwallo shi ne gwarzo. Kai ka fi kowa zura ƙwallo a kakar nan.

Shekara nawa ina zagin zaɓen nan a gabanka? Har kukan tashi ku bar mini falon. Nakan ce rabin masu jefa ƙuri'ar ba su kalli wasan kowa ba sai nasu, a ɗakin taron suke buɗe waya su duba wa ya fi cin ƙwallo su kwafa. Nakan ce kowa ɗan ƙasarsu yake nema a jerin, in bai samu ba ya nemi mai jin yarensu. Mai tsaron gida zai yi ta faɗuwa a ƙasa wata shida ba mai tuna shi, ɗan baya ya karye ba mai ce masa sannu, wani ya zo ya taɓa ƙwallo da tsinin takalmi ta shiga a ba shi kofi. Kuma a ce wai a jefa ƙuri'a tun ba a buga wasan ƙarshe ba! Wannan wane irin adalci ne? Har suna suka sa mini a kwamitin, wai Alƙali, kuma ba yabo ba ne.

Ranar da aka sanar, na dawo gida ina ɗari-ɗari, na ɗauka zan tarar ka haɗe rai. Sai na ji dariyarka tun daga ƙofa. Ashe wani daga masu ƙirga ya ɗauki hoton ƙuri'ata ya turo maka. Sai ka fita ka dawo mini da shayin karak mai zafi, mai madara da kayan ƙamshi, ka ajiye a gefena. Daga baya Ummanku ta gaya mini abin da ka ce mata a kicin, wai kofin banza, su riƙe abinsu, tunda Baba da bai taɓa ce maka ka yi ƙoƙari ba ya zaɓe ka da hannunsa, kunya ce kawai ta hana shi rubuta sunan. Ta ce ba ta taɓa ganin ka cikin irin wannan farin ciki ba tun kana ƙarami.

Sati bakwai muka yi a haka. Wallahi su ne mafi daɗin kwanakin da na yi da kai. Kana biyo ni fili da yamma, kana tambaya ta yadda za ka gyara bugun hagunka, kai da a da in na ce gabas sai ka ce yamma. Ranar nan ka ce bari ka je Sana'iyya, unguwar masana'antu, ka karɓo mini motar daga gareji, kada in sha rana. Ni na ba ka makullin ajiya. A hanya hatsarin ya same ka. Da suka dawo mana da kayanka daga asibiti, wayar gilashinta ya tsage amma tana kunnuwa. Na danna, sai ga rubutuna a fuskarta, haruffa huɗu da sa hannuna a ƙasa. Wata uku ke nan, ban sake taɓa wayar ba.

Dakta Bashir, abokina da ya yi maka wanka, shi ya tayar da maganar kofin bayan sadakar arba'in. Da kyakkyawar niyya ya yi, Allah Ya saka masa. Ya tara mutanenmu na nan, suka ce ai wannan zalunci ne, al'adarmu ce, ba a hukunta uba don ya ji nauyin sunan mahaifinsa. Suka rubuta koke suka kai. Shugaban kwamitin, Ustaz Adil, sabo ne, mutum ne mai taushin zuciya, shi ma ya taɓa rasa ɗa. Ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa ya ce ya gane, su ma a garinsu akwai irin wannan. Ya ce abu ɗaya ake bukata, in rantse a rubuce cewa kai nake nufi da Abba, kuma ban san za a soke ƙuri'ar ba, in na sa hannu shi ke nan, shi zai ƙarasa sauran. Har rungume ni ya yi da zan fita.

Ummanku ta riga ta share saman durowar falo, ta kwashe kwanukan da ke kai don a ajiye kofin. Ba ta yi mini magana da yawa, sai dai kullum in na shigo ta dubi hannuna. Jiya da ta ga ba komai ta ce dama ni haka nake, ko ɗana na kabari sai na ja masa rai. Na shige ɗaki.

To ga abin da ba wanda ya sani, Abba. A ƙasan kowace ƙuri'a akwai wani ƙaramin rubutu, layi biyu, da ke cewa sai an rubuta sunan ɗan wasa kamar yadda yake a katin zamansa, in ba haka ba ƙuri'ar ta lalace. Kowa ya ɗauka ban karanta ba, wai tsufa, wai ban sa tabarau ba. Ni na rubuta layin nan biyu. Shekara shida da suka wuce an yi wata kaka da 'yan wasa uku masu suna Muhammad suka yi fice, wani ya rubuta laƙabi, wani ya rubuta sunan uba, aka cakuɗa, aka ba wanda bai ci ba. Na tashi a taro na bugi tebur na ce ba za a sake ba, na zauna na tsara dokar da hannuna. Duk waɗanda suka halarci taron nan sun watse, wannan kwangilarsa ta ƙare, wancan ya samu wata ƙasa. Ka san garin nan, ba mai daɗewa balle ya tuna wa ya ce me. Ni kaɗai na rage.

Saboda haka ranar zaɓe da na ɗauki biro na san abin da nake yi. Na daɗe ina kallon takardar har na kusa da ni ya taɓo ni ya ce in yi sauri, ana jira. In na rubuta sunanka, na zama irin mutanen da na shekara goma ina zagi, mai zaɓen nasa. In na rubuta Haisam, ƙuri'a da sa hannu take, kuma ba a ɓoye sirri a kwamitin nan, kafin La'asar ka ji cewa ubanka ya zaɓi wani. In na bar ta fara, kowa zai gane gudu na yi. Sai na rubuta Abba. Na san za a soke ta, na san kuma in magana ta fito za a ce kunya ce, a tausaya mini. Na ɓuya a bayan sunan mahaifina, Allah Ya gafarta mini. Ban taɓa zaton ƙuri'a ɗaya ce za ta raba ku ba.

Za ka ce to don me ban rubuta naka ba kawai, ai kai ka fi cin ƙwallo? Don ya fi ka, Abba. A kakar nan yaron nan ya fi ka. Na rubuta wannan na ajiye biro na zagaya ɗakin sau biyu kafin in dawo.

Ka tuna wasan kusa da na ƙarshe da kuka buga da su? Ku kuka ci, da fenaretinka, har aka ɗaga ka sama. Amma kafin fenaretin nan sau nawa ka taɓa ƙwallo? Duk inda ka juya yana nan, bai taɗe ka ba ko sau ɗaya, karɓewa kawai yake yi ya wuce. Shi ke saukowa ya ɗauko ƙwallo daga 'yan baya, shi ke rabawa, in ta ɓace shi ne na farko da zai koma. Ƙungiyarsu ba ta da kowa, shi ya jawo ta har wurin. Kai kuwa in ƙwallo ta kuɓuce maka sai ka tsaya ka riƙe ƙugu kana hararar wanda ya ba ka, sau nawa na yi maka faɗan wannan? Kuma mu faɗi gaskiya tunda mu biyu ne, ƙwallayenka da yawa a ragar ƙungiyoyin nan biyu ka zura su, waɗanda ko Hajiya aka sa wa takalmi sai ta ci su. Kana da baiwa, wallahi kana da ita, ƙafar damanka ban ga irinta a gasar ba. Da ka ƙara shekara ɗaya da ba mai kama ka. A zuciyata na ce baɗi naka ne, baɗi zan rubuta sunan da hujja. Wa ya gaya mini akwai baɗi?

Ka ga ba kofin ne kawai ba. Wanda ya ci gwarzo kwalejinsa kan yafe masa kuɗin karatun shekara mai zuwa, kuma takardar zaman Haisam a kan karatun take. Mako mai zuwa ake rufe rajista, shi ya sa suka ce gobe. Yana kwana a unguwar Najma a ɗakin kawunsa, su biyar a ciki. Garinsu yaƙi ya cinye shi, mahaifiyarsa na wata ƙasa, ƙannensa na wata. In aka karɓe kofin, ina zai nufa? Kuma yaron nan yana cikin waɗanda suka ɗauki makararka, na gan shi, bai yarda an karɓe shi ba har bakin kabari.

Ranar Litinin ya zo nan fili da kofin a cikin kwalin ruwan gora. Ya tsaya daga nesa har na sallami yara, sannan ya matso ya ce ya ji maganar da ake yi, in haƙƙinka ne shi ba ya so ya riƙe haƙƙin mamaci. Ya ce alfarma ɗaya yake nema, in gaya masa da wuri don ya san ko zai yi rajista ko ya fara neman hanya. Ka san halina in abu ya fi ƙarfina. Na daka masa tsawa na ce ya ɗauke kwalinsa ya ɓace mini da gani, wa ya aike shi? Ya ɗauka ya tafi yana ba ni haƙuri, shi da ba abin da ya yi. Na shigo ɗakin nan na rufe ƙofa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarka.

Dakta Bashir ya ce me ye a ciki, sa hannu ne kawai, yaron kuma mu haɗa masa wani abu a tsakaninmu. Na san irin wannan haɗawar, wata biyu ake yi kowa ya kama gabansa. Kuma shi bai san me zan rantse a kai ba. Rabin farko na takardar gaskiya ne, Abba kai ne, ba ni da wani Abban. Rabi na biyu ƙarya ce tsagwaronta, da sunan Allah a kai. In ɗauki rantsuwar ƙarya in kai maka ita a matsayin kyauta? Me za ta ƙara maka a inda kake? In kuma na ƙi ba tare da na faɗi dalili ba, na zama uban da ya hana ɗansa kofi sau biyu, yana raye da bayan ransa, kuma da wannan fuskar zan riƙa shiga masallaci cikin mutanenmu. In na faɗi dalili, na ƙwace wa Ummanku abu ɗaya da take riƙe da shi, cewa ka tafi kana sane ubanka ya zaɓe ka. Duk ta inda na juya akwai wanda zan cuta. Kwana tara ina neman ƙofar da zan fita ba wanda ya ji ciwo, irin wadda na nema ranar zaɓe, kuma ka ga inda waccan ta kai ni.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kai na fi cuta. Da na rubuta Haisam a fili, da ka yi fushi, ka daina cin abinci da ni, ka yi sati biyu kana amsa mini da ƙyar. Da mun yi ta, ka gaya mini baƙar magana in gaya maka, in zaunar da kai in nuna maka wasan nan daga farko har ƙarshe. Wataƙila ka yarda, wataƙila ba za ka yarda ba har abada. Amma da ni na gaskiya ka sani. Sai na bar ka kana kawo wa wani mutum shayi, mutumin da babu shi. Na karɓa na sha, kuma na ji daɗi. Ko da rana ɗaya a cikin sati bakwai ɗin nan na yi niyyar gaya maka? Ban yi ba. Ba zan ƙara maka wata ƙaryar ba.

Ba zan sa hannu ba, Abba. Gobe da safe zan je in mayar wa Ustaz Adil takardarsa in gaya masa wanda ya rubuta layin nan biyu, daga nan in wuce Najma in nemi yaron in ce ya je ya yi rajistarsa, in kuma ba shi haƙurin tsawar da na yi masa. Waɗannan masu sauƙi ne. Mai wuyar tana gida. Yau in na koma bayan La'asar zan ce Fadila ta shiga ɗaki, in zaunar da Ummanku in gaya mata duk abin da na gaya maka, da bakina, ba ragi. Ban san me za ta ce ba. Ban san ko za ta sake duban fuskata ba, ga mu a gida mai ɗaki biyu, a garin da ba ta da gidan wani nata da za ta je ta huce, ni ma ba ni da inda zan kauce mata. Fushin da na hana ka yi, ita za ta yi maka shi, kuma zan zauna in ɗauka duk tsawon da zai kai.

An kira La'asar a masallacin kwaleji, yara sun fara taruwa a bakin fili. Ka yafe mini in ana yafewa daga can. Ina son ka, ban taɓa faɗa maka ba, kuma wannan ba ya bukatar ƙuri'ar kowa. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa mu a inda ba a ɓoye komai. Sai na zo ranar Juma'a.

Naka,
Babanka da bai zaɓe ka ba.